Daga Akwatin Bango Zuwa Rediyon Dijital: Yadda Muryar Gida Take Iso Mana A Kudu



Ranar 13 ga Fabrairu ce hukumar UNESCO ta ware a matsayin Ranar Rediyo ta Duniya. A wajenmu 'yan Najeriya wannan rana tana da wani tarihin na daban, domin a irinta ce a 1976 aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammad a nan Ikoyi, kuma ta bakin rediyo jama'a suka fara jin Laftanar Kanar Dimka yana cewa an kifar da gwamnati. Ganin haka ne ya sa a zamanmu na wannan wata muka ɗauko zancen rediyo, har hirar ta kai ga wata tambaya da wani dattijo daga cikin iyayenmu na Agege ya yi. Ya ce shi dai a da yana murɗa akwatinsa ya ji Kaduna kamar yana tsakar gidansu, yanzu kuwa sai shuuu kawai yake ji, ga shi yara suna ce masa an koma dijital. Ya ce a faɗa masa mene ne dijital ɗin, kuma ko zai dawo masa da abin da ya rasa. Shugabanni suka ce a rubuta bayani a sa a wannan shafi, shi ne muka ga ya fi kyau mu faro daga tushe.

Akwatin da ba a canja masa tasha

A watan Disamba na 1932 ne BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Bayan 'yan shekaru gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wani tsari a Legas: a kama shirin Landan a ofis guda, sannan a ja waya zuwa gidajen waɗanda suka yi rajista, a kafa musu akwatin lasifika a jikin bango, su riƙa biyan kuɗi. Akwatin ba shi da abin murɗa tasha. Abin da aka turo shi za ka ji, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Maƙwabtanmu Yarbawa suna yi wa rediyo laƙabi da “asoromagbesi”, wato mai magana ba ya jiran amsa, kuma sunan ya dace da wancan akwati ƙwarai.

Tsarin ya isa Ibadan a 1939, ya isa Kano a 1944. A Arewa an riƙa kafa lasifikokin a wuraren taruwar jama'a, mutane su yi cincirindo a ƙarƙashinsu suna sauraro. A farkon shekarun 1950 aka kafa hukumar watsa labarai ta gwamnati mai suna NBS, wadda ta koma NBC ranar 1 ga Afrilun 1957. A daidai wannan lokaci ne ƙaramin rediyo mai aiki da batir ya fara yaɗuwa a duniya, aka rabu da dogaro da waya. Mutum ya samu damar rataya akwatinsa a kafaɗa ya tafi gona, ko ya sa shi cikin kayansa ya hau jirgin ƙasa ya yo Kudu.

Gajeren zango, abokin baƙo

Ranar 13 ga Maris 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara aiki, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Sir Ahmadu Bello ta buɗe nata kamfanin, BCNN, wanda jama'a suka fi sani da Rediyo Talabijin Kaduna. A cikin shekarun 1960 Muryar Jamus da Rediyon Sin suka buɗe sassan Hausa, Mosko da Alƙahira ma suna yi. Muryar Amurka ta shigo a 1979, Rediyo Faransa kuma a 2007, ita ma daga nan Legas ta fara.

Abin da ya haɗa duk waɗannan tashoshi shi ne gajeren zango. Siginarsa tana tashi sama ne ta bugi wani sashe na sararin samaniya, ta dawo ƙasa a can wani wuri mai nisa, shi ya sa take ƙetare daji da teku. Tsakanin Kaduna da Legas akwai fiye da kilomita 600 a miƙe, amma mai sayar da goro a Agege da mai fawa a Sabon Ibadan suna kama Kaduna a kan mita 49. Shi ya sa kuma murya take zuwa tana komawa kamar igiyar ruwa, ta yi kyau da dare ta lalace da rana, domin wancan sashe na sama yana canjawa da fitowar rana da faɗuwarta.

Iyayenmu ba su damu da wannan ƙugi ba. A lokacin babu wayar hannu, wasiƙa kuma tana kwashe makonni. Ta rediyo suke jin sanarwar rasuwa da ta naɗin sarauta, da ganin watan azumi, da tafsirin watan Ramadan. Ta nan suke dariya da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, su ji Shata da Ɗan Maraya. Shirin Zaɓi Sonka har ƙungiyoyi ya haifar, mutum yana Kudu ya aika katin gaisuwa a karanta sunansa da na unguwarsa, 'yan uwansa a Katsina ko Damagaram su ji, su san yana raye kuma yana lafiya. Yawancinmu da muka tashi a nan, Hausar labarai da ta siyasa a bakin wannan akwati muka tsince ta, ganin cewa a waje Yarbanci da Turancin buroka muke yi.

Jama'a sun nuna yadda suka ɗauki abin a 1978, lokacin da gwamnatin soja ta sake fasalin gidajen rediyo ta kafa FRCN. Da aka ji ana shirin rage wa Kaduna ƙarfin da take isa nesa da shi, Arewa ta yi ca. Daga ƙarshe aka tsaya a kan tsarin shiyyoyi: Kaduna da Ibadan da Inugu kowace ta riƙe harsunan yankinta, Legas ta zama cibiya. Kaduna ta ci gaba da magana da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci, mu ma da ke nesa muka ci gaba da jinta.

Ranar da rediyo ta ce mu tattara kayanmu

Wanda bai san nauyin rediyo a rayuwar ɗan Arewa mazaunin Kudu ba, ya tambayi manya labarin Lahadi 22 ga Afrilun 1990. Ana cikin goman ƙarshe na azumi aka wayi gari da muryar Manjo Gideon Orkar daga gidan rediyon tarayya da ke Ikoyi, yana cewa sun hamɓarar da gwamnatin Janar Babangida, kuma sun cire jihohi biyar daga Najeriya: Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauchi. Ya ce 'yan asalin waɗannan jihohi su koma garuruwansu. Da yawa daga cikinmu muna yara a lokacin, amma ba mu manta yadda iyayenmu suka kewaye akwati ɗaya ba, ba mai tari, mata suna ɗaure kaya a ɗaki. Kafin rana ta faɗi, ta wannan akwati dai aka ji Janar Sani Abacha yana cewa an murƙushe yunƙurin. Aka kwance kaya, aka sha ruwa.

Mun kawo wannan ne saboda abin da ya biyo baya. Rikicin Idi-Araba na 2002, da na Mile 12 a 2016, da na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, duk sun nuna mana cewa a ranar tashin hankali baƙo ya fi kowa buƙatar labari tabbatacce da harshen da yake ji. A yau abin da ke fara isowa wayoyinmu shi ne saƙon murya na WhatsApp wanda ba a san mai shi ba, da hotunan da wani lokaci ma daga wata ƙasa aka kwaso su. Gidan rediyo yana da suna da adireshi da lasisi, idan ya yi ƙarya akwai inda za a kai ƙara. Mai tura jita-jita ba shi da ko ɗaya.

Zuwan FM: murya ta yi kyau, nisa ya ragu

Tashar FM ta farko ta buɗe a Legas a 1977. A 1992 gwamnati ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Raypower ta fara a Alagbado a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta ɓullowa har suka kai ɗaruruwa. FM ta zo da murya garau, ta zo da shirye-shiryen kiran waya, talaka ya samu bakin magana, mai magana ba ya jiran amsa ya koma mai karɓar amsa.

Sai dai siginar FM a miƙe take tafiya, ba ta bin sama ta dawo. Tsawon hasumiya da ƙarfin na'ura su ke yanke mata iyaka, galibi 'yan gomman kilomita ne. Mutumin Kano ya samu tashoshin Hausa fiye da goma a bakin ƙofarsa, mu kuwa da ke Kudu ba ɗaya daga cikinsu da ke iso mana ta iska. Abin da muke samu a FM ɗin nan shi ne ɗan lokacin da wata tasha ta ware wa Hausa a mako. A gefe guda, manyan na'urorin gajeren zango suna cin wuta da man dizal sosai, kayan gyaransu suna da tsada, don haka aikinsu ya yi ta ja da baya a ƙasashe da dama. Har cikin ɗakunanmu an samu matsala: caja da inbata da ƙwan lantarki na zamani suna fitar da hayaniyar da ke danne gajeren zango. Wannan shi ne shuuu ɗin da Baba yake ji.

Tashoshin waje ma ba abin jingina ba ne har abada. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a farkon 2023 bayan shekara 85. A watan Maris na 2025 aka wayi gari Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashen Hausa, saboda shawarar da aka yanke a Washington. Wanda ya dogara da tabarmar aro, duk ranar da mai ita ya zo sai ya tashi.

To mene ne rediyon dijital?

A tsohon tsari na analog, ana ɗora murya ne kai tsaye a kan sigina, duk dattin da ta kwaso a hanya da shi za ta iso kunnenka. A tsarin dijital ana mayar da muryar lambobi, a matse su, a haɗa su da wasu ƙarin lambobi na gyaran kuskure. Idan wani sashe ya lalace a hanya, akwatinka zai lissafa ya cike gurbin, ka ji murya kamar yadda ta fita daga ɗakin watsa shiri.

A nan akwai abin da ya kamata mu bambance, domin yaranmu suna haɗa su. Sauraron tasha ta manhajar waya ko Facebook ta intanet ne, kuma kowane minti data yake ci. Rediyon dijital na iska kuwa daga hasumiya yake zuwa kamar na da. Ka sayi akwati sau ɗaya, ba layi ba data, kuma ko mutum miliyan goma ne suka kunna a lokaci guda ba abin da zai cushe.

Manyan tsare-tsaren guda uku ne. Akwai DAB da Turai ta ƙirƙiro, BBC ta fara watsawa da shi a 1995, aka inganta shi zuwa DAB+ a 2007. Shi na birane ne, na'ura ɗaya tana ɗaukar tashoshi goma sha wani abu a mazauni guda. Ƙasar Norway ta kashe FM na manyan tashoshinta na ƙasa a 2017 ta koma kansa, Ghana kuma ta fara gwajinsa a Accra da Kumasi a 2023. Akwai HD Radio da Amurka ke amfani da shi. Na ukun, wanda ya fi shafarmu, shi ne DRM. An kafa ƙungiyar da ta samar da shi a 1998, aka ƙaddamar da watsawa a Geneva a 2003. An yi shi ne musamman don gajere da matsakaicin zango, wato ya riƙe nisan da muka sani, ya kawar da ƙugin. Indiya ce ta fi kowa rungumarsa: gidan rediyon gwamnatinta ya mayar da manyan na'urorinsa na matsakaicin zango da dama zuwa DRM, kuma miliyoyin sababbin motoci a ƙasar suna fitowa da akwatin da ke kama shi.

Amfanin da mai sauraro zai gani a fili yake. Murya daga nisan ɗaruruwan kilomita za ta zo kusa da ingancin FM. Ba sai ka haddace mita ba, sunan tasha zai fito a fuskar akwati ka zaɓa. Mazauni ɗaya na iya ɗaukar fiye da shiri ɗaya, don haka gidan rediyon gwamnati ba sai ya yanke Hausa ya sa Fulatanci ba. Ana iya turo rubutu tare da murya, kamar kanun labarai ko farashin hatsi ko hasashen damina. Akwai kuma tsarin gargaɗin gaggawa, wanda ke iya juya akwati da kansa zuwa sanarwar ambaliya ko wata annoba. Su ma masu tashar suna samun sauƙi, domin na'urar dijital tana rufe yanki ɗaya da wutar da ba ta kai ta tsohuwar ba.

Inda gizo ke saƙar

Kada mu yi wa Baba alƙawarin da ba mu da ikon cikawa. Akwatinsa na yanzu ba zai kama dijital ba, sai an sayi sabo. Sabon ya fi tsada nesa ba kusa ba, ya fi shan batir, kuma ba kayan da za ka shiga Alaba ka tarar an jibge ba ne. Sannan dijital ba ta san rabi da rabi ba. A tsohon tsari ko murya ta yi rauni kana iya kasa kunne ka tsinci labari, a sabon kuwa idan sigina ta gaza wani mataki sai ta ɗauke ɗif.

Tarihi ma ya ba mu darasi biyu. A 1998 kamfanin WorldSpace na Noah Samara, haifaffen Habasha, ya harba tauraron AfriStar don kawo wa Afirka rediyon dijital daga sama. Muryar ta yi kyau, amma akwatin ya fi ƙarfin talaka, daga baya kuma aka sa kuɗin wata. A 2008 kamfanin ya durƙushe. Darasi na biyu a gida yake. A taron Geneva na 2006 an sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin mayar da talabijin dijital. Najeriya ta fara gwaji a Jos a watan Afrilun 2016, Legas ta shiga a 2021, shekara shida bayan wa'adin. Wancan wa'adi na talabijin ne kaɗai, ba wanda ya sa ranar kashe FM ko gajeren zango a ƙasar nan. Duk wanda ya ce maka ka jefar da akwatinka domin an daina amfani da shi, kasuwarsa yake nema.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun 2012 aka ƙaddamar da tashar Muryar Najeriya da ke Lugbe a Abuja, mai manyan na'urorin gajeren zango masu iya watsa DRM da eriya mai juyawa. Wato fasahar ta riga ta shigo ƙasar. Aikin waccan tasha shi ne magana da ƙasashen waje. Abin da ya rage shi ne a yi irinsa don 'yan ƙasa, a kuma samar da akwatin da mai gadi da mai tura baro za su iya saye. Masu tasha suna jiran a samu akwatuna a hannun jama'a, 'yan kasuwa suna jiran a fara watsa shiri kafin su shigo da kaya. Gwamnati ce kaɗai ke iya raba wannan jiran, kamar yadda aka yi a Indiya, inda gidan rediyon gwamnati ya fara sannan masu ƙera motoci suka biyo.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce ai waya ta wadatar, kowace tashar Kano da Kaduna tana intanet. Gaskiya ne, mu ma muna amfana. Amma a cikinmu akwai tsofaffin da idonsu ba ya ganin rubutun waya, akwai matan da ke gida ba sa samun kuɗin data kullum, akwai 'yan ci-rani da ke kwana a bakin shago da ƙaramar waya mai tocila. Mun kuma ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta a 2021 saboda matsalar tsaro, rediyo ce ta rage wa mutane. Gidan rediyon gwamnati da kuɗin jama'a ake gudanar da shi, kuma ɗan ƙasa bai rasa haƙƙinsa na jin labari da harshensa ba don ya ƙetare Jebba.

Saboda haka zaman ya amince da abubuwa kamar haka. Za mu rubuta wa hukumomin da abin ya shafa da wakilanmu a Majalisar Tarayya, mu roƙi a farfaɗo da watsa shirye-shiryen dogon nisa na cikin gida, a sa DRM cikin lissafi, a kuma sauƙaƙa harajin shigo da akwatunansa. Za mu nemi zama da tashoshin FM na nan kan ƙarin lokacin Hausa, musamman sanarwa a lokacin rikici, kuma muna kira ga 'yan kasuwarmu su riƙa ba waɗannan shirye-shirye talla, domin da talla suke rayuwa. Matasanmu masu gyaran waya da lantarki kuma su taimaka wa iyayenmu: a nesanta akwati daga caja da inbata, a ɗaura wa eriya 'yar doguwar waya a fitar ta taga. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da murya.

Muna kuma roƙon duk dattijon da ke da tsohon katin Zaɓi Sonka, ko wasiƙar da wata tasha ta taɓa aiko masa, ko kaset na tsohon shiri, ya kawo ofishin ƙungiya mu ɗauki hoto mu mayar masa da abinsa. Muna son tattara tarihin masu sauraro na Kudu tun masu shi suna raye. Wanda ya tuna inda yake ranar 22 ga Afrilun 1990 ya zo zama na gaba ya ba yaranmu labari da bakinsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci nemanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya